Maƙerin Ingila a Kasuwar Gidan Rumji

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gidan Rumji. Ni mutumin Gazawa ne, Bakatsine, aka jefo ni cikin Gobirawa da akwatin ƙarfe da littattafan da suka fi tufafina nauyi. Mushe ake ce mini, daga Monsieur na Faransawa, kamar kowane malamin lakol na lokacin, kuma ina ganin ba abin da zai ƙara ba ni mamaki a duniya, tunda na riga na karanta ta a takarda.

A gidan wani tsoho na sauka, Buzu, cikin waɗanda kakanninsu suka gangaro daga arewa, suka ajiye sanda suka ɗauki hauya. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. 'Ya'yansu duk mata ne, kowace tana ɗakinta a wani ƙauye. Abin da Baba ya mallaka jaki ne, da gonar gero a bayan gari, da wani tari da ke tayar da unguwa kafin ladan.

Cikin daminar nan wani Bature ya sauka a gidan baƙi na gwamnati, shi da matarsa. Ba Bafaranshe ba ne. Mutumin Ingila ne, ya ƙetaro ta Jibiya, wai yana bin sawun wata cuta da ke murɗe ganyen gyaɗa. Yini yake a durƙushe cikin gonakin mutane yana juya ganye, kamar wanda allurarsa ta faɗi. Dogo ne, mai yawan ban haƙuri. Ko kaza ya tsorata sai ya ce mata ta yi haƙuri. Yana jin Hausa, amma Hausar Kano ce ta littafi, wadda ba ta taɓa zama kan tabarma ba. In ya gaishe ka sai ka ji kamar ana karanta maka sanarwa.

Sunansa ba zan rubuta shi a nan ba. Gajere ne, numfashi ɗaya. Yana farawa da huci irin na maciji, sai leɓɓa su haɗu, sai ya ƙare da kan harshe a waje tsakanin haƙora. Wannan ƙarshen shi ya gagari garin. Ba wai ba za a iya ba ne, a'a, sai dai mutumin kirki ba ya yi wa baƙo gwalo. Sai aka cusa wa sunan wasula, aka miƙe shi ya zama gaɓa uku, aka ƙarasa shi da harshe a cikin baki. Jandarman da ke zuwa daga Maraɗi ranar kasuwa don tsaron doka, Bafaranshe ne da 'yancin kai bai kai ga kwashe shi ba, shi kuwa gutsure wutsiyar sunan yake ya yar. Ni kaɗai na dage sai na faɗe shi daidai. Ina cikin gwadawa a bakin ɗakina Inna ta tsaya da ƙwaryar fura tana kallona.

"Mushe, ƙaya ce ta maƙale maka? In kawo tsinke?"

Mamakina na farko wajen matarsa na same shi. Na je gaishe su, na tambayi Madam yadda zan kira ta. Sai ta buɗe baki ta faɗi sunan mijinta, a gabansa, ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce ai nata ne yanzu, tun ranar aure ta ajiye na ubanta ta ɗauki wannan. Na san da haka a littattafan Faransanci, amma karatu daban, jin kunne daban. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba. In wani yaro mai sunan ya shigo gidanmu, sai ta laƙaba masa wani kafin ta aike shi. Ga mace nan ta mayar da abin da ake ɓoyewa tufar fita. Maigidan ya ƙara da cewa sunan ba ma nasa ba ne shi kaɗai. Na ubansa ne, na kakansa, na ƙannensa, na ɗan da za su haifa in Allah ya kawo. Na ce to in an kira, wa ke amsawa? Ya ce duk wanda ya fi kusa.

Ma'anar sunan kuwa shi da kansa ya faɗe ta. Bayan la'asar ne, a gindin itacen bedin ƙofar maigari, inda dattawa ke zama. Wani ya ce, "Bature, wanga suna naka, mi yake nuhi?"

Ya yi murmushi, da alama ya ji daɗin tambayar. "Da Hausa, ma'anarsa maƙeri."

Maigari ya gyara zama. Sarkin Maƙera, wani gajere mai ƙirar turmi, ya leƙo ta bayan mutane yana duban hannun Baturen. Ni ma na duba. Hannu ne sumul, wanda in ka ba shi awartaki zai tambaye ka ta ina ake riƙewa.

"Ubanka maƙeri ne?"

"A'a. Akawun jirgin ƙasa ne."

"Kakanka hwa?"

"Yana sayar da takalma."

"To ina uwar maƙerar gidanku take?"

Ya yi dariya. Ya ce babu. Ya ce suna ne kawai, kuma a ƙasarsu masu shi sun fi kowa yawa, akwai alƙalai a ciki, akwai limaman coci. Dattawa suka dubi juna. Ƙasar da maƙera suka fi kowa yawa, kuma ba mai ƙira a cikinsu. Wani ya ce shi ya sa suke zuwa nan sayen gyaɗa, ba su da hauyar noma tasu.

Baba yana wurin. Na ga idanunsa sun ƙanƙance, har da wani ɗan ruwa-ruwa na jin daɗi. Da hankalina yana jikina da na gane. Buzu da maƙeri abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kamar yadda mu Katsinawa muke da Gobirawa. Ni da kaina ba na ratsa garin ba tare da wata tsohuwa ta ce mini ragon Katsina, mai gudu ya bar takalmi ba, ni kuma in tambaye ta wa ya yi mata wannan aika-aikar zane a kumatu. Tsakanin Buzu da maƙeri abin ya fi haka zafi. Buzu na iya shiga maƙera ya zauna kan uwar maƙera, ya kwashe gawayi, ya zagi mai wurin har kakansa, maƙeri ya rama, a rabu ana dariya. Ba mai kai ƙara, in ma an kai ba alƙalin da zai saurara. Baba ya gaji da maƙeran garin, ya san duk amsoshinsu. Ga sabo fil Allah ya kawo masa daga bayan teku.

Ranar kasuwa abin ya faru, da hantsi, gero ya soma rusunawa a gonaki. Na sallami yara na shiga sayen sabulu. Baturen yana tsaye a rumfar masu gyaɗa, da faffaɗar hularsa ta kaki, yana murza ƙwaya a tafin hannu. Sai na hango Baba yana tahowa ta bayansa, janye da jaki, yana sanɗa kamar yaro zai kama fara. Ya miƙa hannu ya fizge hular, ya ɗora wa jakin, ya danna ta tsakanin kunnuwa.

"Kai, ɗan zuga-zugi! Wa ya ba ka izinin sa hula cikin mutane? Ga mai ita nan, ya hi ka kai!"

Sabulun ya faɗi daga hannuna. Na taso a zamanin da in Bature ya taho sauka ake daga kan jaki a tuɓe takalmi. Na ga an yi wa mutum bulala don ya yi tari lokacin da kwamanda, Baturen mulki, ke magana. Baturen ya juyo, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, yana cewa, "Gafara, Malam, ina tsammani akwai kuskure." Baba ko a jikinsa. Ya cafki wuyan rigarsa.

"Kuskure ubanka ya yi da ya bar wuta ya kama alƙalami. Taho in kai ka wajen 'yan'uwanka, ka bar ɓata muna gyaɗa da hannun gawayi. Wanke shi da ka yi ba ya ruɗe ni!"

Ya ja shi wajen rumfar maƙera. Rabin kasuwa na dariya, rabi na gudu, ni kuma ina biye da su. Baturen ya turje, rigar ta kece tun daga wuya har cibiya. A daidai nan jandarma ya ratso da gardi biyu, dogaran gwamnati masu bindiga. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ga Bature ba hula, riga a yage, baƙin mutum riƙe da shi, jama'a na ihu. Suka kayar da Baba ƙasa, suka ɗaure masa hannu ta baya. Jakin kuwa ya wuce abinsa cikin kasuwa da hula.

A kwanakin nan rediyo na ta kawo labarin wata ƙasa can kudu, wadda ita ma ta sami 'yanci, aka far wa Turawanta. Gwamnatinmu sabuwa ce, ba ta son a ce ga irinsa a nan. Jandarma ya rantse sai ya kai Baba gidan kaso a Maraɗi don ya zama darasi. Na koma gida na tarar da Inna zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ba ta kuka.

"Mushe, in sunka kai shi can, da wanga tari, gawa za su maido mini. Ga gero ya kai. Wa za ya girbe shi?"

Sa'ar da aka yi, sabon kwamanda yana rangadi, ya kwana a garin. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar, Bagobirin Tsibiri, tsohon malamin lakol, da kwat da zanen Gobirawa a kumatu. Washegari da safe ya zauna a barandar gidan baƙi, aka kawo Baba. Garin duka ya zo, har surukan Baba daga ƙauyukansu. Aka kira ni in tsaya tafinta tsakanin Hausa da Faransanci saboda jandarma. Kwamanda ya dube ni sama da ƙasa.

"Bakatsine ne tafinta? To Allah shi sa kada ya gudu kafin a gama."

"Ranka shi daɗe, in Gobirawa ba su fara ba, ba ni farawa."

Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa, sai na sami ɗan ƙarfin zuciya.

Jandarma ya faɗi abin da ya gani, kuma bai yi ƙarya ba. Baturen ya miƙe, da sabuwar riga, Madam na zaune bayansa. Ya ce shi bai kawo ƙara ba, kuma bai ji ciwo ba. Ya juya wajen Baba ya ce da Hausarsa ta sanarwa, "Na yafe maka da zuciya ɗaya."

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai Baba ya ɗago daga inda yake durƙushe.

"Mi na yi maka da za ka yahe mini? Ɓarawo aka yahe ma. Ni maƙerina na taɓa."

"Baba, don Allah yi shiru," na ce masa ƙasa-ƙasa.

"Ba ni yi. In na karɓi yahiyarshi na zama wanda ya ci mutuncin baƙo. Da wane ido za ni duban surukaina?"

Kwamanda ya ɗaga hannu. Ya ce ko Baba ya karɓa ma ba ta fisshe shi, don yafiyar mutum ɗaya ba ta goge abin da aka yi wa hukuma a tsakiyar kasuwa. Magana biyu ce. In laifi ne, mota na nan, Maraɗi za a tafi. In wasa ne, ba hukumar da ta taɓa shiga tsakanin Buzu da maƙeri, kuma ba daga kansa za a fara ba. Ya dubi Baturen.

"Saboda haka tambaya ɗaya ce. Kai maƙeri ne?"

Mutumin nan da ya ce i, da an tashi. Amma irin mutanen nan ne da gaskiya ke damu kamar ƙaiƙayi. Ya soma bayani. Ya ce a ƙasarsu suna ba ya nuna sana'a, an daɗe da raba su, ba zai iya cewa shi abin da ba shi ba ne a gaban hukuma. Ina fassara wa jandarma, ina jin kamar ni ke tura Baba cikin mota da bakina.

Sarkin Maƙera ya nemi izini ya matso.

"Bature, wa ya hwara amsa sunan ga a gidanku?"

"Ban sani ba. Wani ne can da daɗewa ƙwarai."

"Shi mi yake yi?"

Baturen ya sosa kai. "Ina tsammani ƙira yake yi."

"Kuma daga gare shi kunka hito?"

"Haka ne."

"To mi ya rage? Ranka shi daɗe, ɗan ƙanena tela ne a Sae Sabuwa, bai taɓa zuga wuta ba, hayaƙi ma ciwon kai yake sa shi. Buzaye sun ƙyale shi? Ko sati ba a yi ba da sunka ɗauke mishi almakashi. Wanga namu ne. Lalatacce ne, amma namu ne."

Jama'a suka ɗauki guɗa da sowa. Na fassara, har da lalataccen. Jandarma ya saurara, ya goge zufa, sannan ya faɗi maganar da ni kaina na rasa ta inda zan kushe ta. Ya ce ya yi shekaru a ƙasar nan, ya san wasan da ake faɗi. Amma wasa mutum biyu ke yin sa. Shi abin da ya gani, ɗaya na zagi yana yaga riga, ɗaya na ba da haƙuri. In wannan wasa ne, to duk wanda aka yi wa fashi ma abokin wasa ne.

Kwamanda ya gyaɗa kai a hankali. "Ya yi gaskiya." Ya juya ga Baturen. "In kai maƙeri ne, rama. Ga Buzunka nan. A kwance mishi hannu."

Aka kwance Baba, ya miƙe yana murza wuyan hannu, ya tsaya ƙiƙam yana jira. Baturen ya dube ni kamar mai nutsewa. Na matsa na raɗa masa abin da maƙeran garin ke faɗi kullum: Buzun da raƙuminsa ke kukan jaki, mai sallah da takobin aro, da wasu da ba zan sa a takarda ba. Ya girgiza kai, ya ce ba zai iya faɗa wa sa'an ubansa haka ba. Ya gyara murya ya fuskanci Baba.

"Malam, halinka na jiya... bai yi kyau sosai ba."

Wani nishi ya tashi daga jama'a kamar an taka wa garin ƙafa. Baba ya dubi sama. Sarkin Maƙera ya rufe fuska da hannu. Jandarma ya soma laluben makullin mota a aljihu.

"Ƙara dai," in ji kwamanda, muryarsa ta sauka.

"Kuma... jakinka ba shi da ƙiba."

Inna ce ta fara kuka a bayan mata, a hankali, irin kukan da ba a son a ji. Madam ta waiwaya ta dube ta. Sai ta miƙo wuya ta yi wa mijinta magana da Ingilishi, gajeriya, mai kaifi. Ban ji abin da ta ce ba, amma na san muryar. Kowace mace na da irinta. Baturen ya taka zuwa gaban Baba. Na zaci wata maganar zai sake gwadawa. Ashe lissafin da ya yi mai sauƙi ne: an cire masa abin kansa, bari ya cire na wanda ya cire masa. Ya miƙa hannu ya kama rawanin Baba ta wajen amawali, wanda ke rufe masa baki, ya fizge.

Wanda bai zauna da Buzaye ba ba zai san abin da aka yi a wurin nan ba. Dattijon Buzu ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane. Da amawali yake sallah, ta ƙarƙashinsa yake shan fura. Na shekara a gidan Baba, ban san fuskarsa ba daga hanci zuwa ƙasa. Surukansa ba su sani ba, maigari bai sani ba. A arewa, in ji su, an zare takobi kan abin da bai kai wannan ba.

Rawanin ya warware, baƙi, dogo, ya zubo ƙasa kamar ba zai ƙare ba. Ga Baba tsaye a gaban gari, kai ƙwal, ƙasan fuskarsa fari-fari kamar inda aka ɗage tabarma, da ɗan baki ƙarami wanda ba haƙori ko ɗaya a gaba, da gemu tsilli-tsilli. Tsoho ne ƙwarai, fiye da yadda muka zata. Mata suka juya baya. Maigari ya sunkuyar da kai yana salati. Ni kuwa na kasa kawar da ido, kuma har yau ina jin kunyar abin da na gani kamar na leƙa makewayi. Samarin Buzaye da ke tsaye gefe suka matso, ɗaya ya sa hannu a damtse inda wuƙa take. Gardi suka gyara bindiga. Kwamanda ya yi rabin miƙewa ya tsaya a haka.

Baturen ya ga fuskokinmu, ya gane ya taɓo abin da ya fi hula. Ga rawanin a hannunsa. Komawa baya kuma ba hanya. Sai ya dubi bakin Baba, ya ce, da wata murya siririya da ba tasa ba:

"Ashe shi ya sa kake ɓoye shi."

Yanzu magana ta koma hannun Baba, kuma kowa ya san haka. In ya yi fushi, ya tabbatar ba wasa ba ne, ga mota, ga kuma jinin da samarin nan za su zubar. In ya yi dariya, ya yi ta da wannan bakin a buɗe a gaban surukansa. Na ga hannunsa ya taso zai rufe baki, ya mayar da shi. Sai ya buɗe bakin gaba ɗaya, dasashi a waje, ya ƙyalƙyale da wata dariya da tari ya sarƙe ta.

"Kun gani? Jama'a kun gani? Wa ke iya wanga rashin kunya in ba ɗan zuga-zugi ba? Bature na da hankali, wanga ba Bature ba ne! Sarkin Maƙera, kwashe kayanka!"

Sarkin Maƙera ya yi tsalle ya rungume Baturen ta ƙugu, iyakar inda ya kai ke nan. Wurin ya ɓarke. Samarin suka saki damtse, ba don sun so ba. Kwamanda ya zauna, ya ciro hankici ya share wuya, ya ce da jandarma da Faransanci, "Ka ga mutum biyu yanzu?" Jandarma ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai ba zai taɓa gane ƙasar nan ba, ya nufi motarsa shi kaɗai.

Ni na karɓi rawanin daga hannun Baturen, don ya manta yana riƙe da shi. Na miƙa wa Baba ina duban ƙasa. Ya naɗa shi a tsaye, da sauri, ya karkace. Muka taho gida tare, Inna na biye. Duk wanda muka gamu da shi sai ya yi masa barka, Baba na amsawa da raha, yana ƙara zagin maƙera. Da muka shiga zaure ya zauna, rahar ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Hula na ɗauka, Mushe," ya ce. "Hula kawai."

Ya gyara rawanin da ya karkace.

"Maƙeranmu na nan sun san inda aka tsayawa. Wanga ba wanda ya koya mishi. Gidansu sun bar wuta, sun bar ladabinta."

Ya yi kwanaki bai fita ba, ko masallaci. Baturen ya zo har ƙofar gida da yamma, ya same ni a waje, idanunsa sun faɗa. Ya ce Madam ta bincika ta gaya masa girman abin da ya yi, yana son ya ba da haƙuri. Na shiga na faɗa wa Baba. Sai ya ɗaga murya yadda za a ji ta bayan zana.

"Ka ce mishi ya riƙe haƙurinshi. In ya ba ni, gari ya ji, an ce ashe ba wasa ba ne. Kaso yake son kai ni? Maƙerin banza, ya ɓace mini da ƙohwar gida kahin in hito!"

Na fito na fassara masa abin da ya riga ya ji. Ya tsaya yana jujjuya hannu, sannan ya leƙa ta saman zana, ya tattaro duk ƙarfinsa ya ce, "Kai ma haka!" Ya juya ya tafi da sauri. Na ji Inna ta tuntsire da dariya a madafa.

Asabar ɗin da ta biyo Baba ya fito da magirbi a kafaɗa, amawali har ƙarƙashin ido, ya fi na da tsauri. Ba lakol ranar, sai na bi shi gona. Shi ke sara, ni da Inna muna tarawa. Tari na tsayar da shi, ya dafa gwiwa, ya huta, ya ci gaba. Geron ya yi kyau a shekarar. Da rana ta take muka zauna gindin gawo, Inna ta dama fura ta miƙa masa. Ya karɓi ludayi, ya dube ni, sai ya juya mini baya gaba ɗaya kafin ya sha.